Mabuɗin Kwamfutar Shago: Wa Ya Kamata Ya Riƙe?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Langabou da Sokode da Dapaong har zuwa Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, ya san yanzu kaya ba sa motsi sai da takarda, takardar kuwa tana cikin kwamfuta. Kwastan na Togo da manhajar SYDONIA suke aiki, mu ma 'yan kasuwa rasit da lissafin bashi sun koma na'ura.

To, amma na'urorinmu ba iri ɗaya ba ne. Maigida na da Windows, mai lissafi na da Linux, direba kuma wayar Android. Abin da ke haɗa su shi ne tsarin raba fayil na SMB, wanda Windows ke amfani da shi. A 1992 Andrew Tridgell na Ostareliya ya fitar da manhajar Samba, wadda ta ba Linux damar jin wannan yare. Da ita za a ajiye takardun shago a kwamfuta guda, kowa ya buɗe daga tasa.

A nan ne gizo ke saƙar. Da yawanmu kalmar sirri ɗaya muke ba kowa, ta babban asusu mai iko da komai. Mai wannan asusu na iya goge bashin sefa miliyan guda ba a san wanda ya yi ba. Shin akwai wanda ke raba wa dukkan yaran shagonsa mabuɗin sito?

Sai a buɗe wa kowa asusunsa: direba ya karanta kawai, mai lissafi ya rubuta, babban asusu ya zauna hannun maigida. Yaro ya bar aiki, a rufe nasa ranar.

A kuma kashe tsohon SMB1. Ta nan cutar WannaCry ta shiga a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ya fitar da gyara tun Maris. Kamfanin ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, saboda haka masu sayen na hannu a lura.

Duk mako a kwafi lissafi a faifai daban, a kai gida. Rigakafi dai ya fi magani.