Abin da Ke Sa Allon Kwamfuta Ya Yi Baƙi Bayan Sanya Sabuwar Manhaja

Idan allon kwamfuta ya yi baƙi ƙirin bayan an sanya mata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da dukkan ayyukanta kamar Windows, da wuya a ce allon ne ya lalace, musamman idan tambarin kamfani ya bayyana kafin hoton ya ɗauke. Galibi laifin na direba ne, ƙaramar manhajar da ke sarrafa katin hoto. Danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B lokaci guda yakan sake tayar da direban. Idan hakan ya ci tura, sai a kunna kwamfutar a yanayin Safe Mode, inda take aiki da direba mai sauƙi, a cire wanda bai dace ba, a sauko da na kamfanin da ya ƙera katin.