Shukar da za ta jira mai gida: abin da ya dace da farfajiya a Danchuwa

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya kammala gininsa a Danchuwa, cikin ƙaramar hukumar Potiskum ta jihar Yobe, yakan so farfajiyarsa ta yi kama da waɗanda ya saba gani a Maitama da Asokoro: gajerun shuke-shuke masu duhun ganye, kore shar rani da damina. A Turai holly ce ke wannan aiki, wato itaciyar nan mai jajayen 'ya'ya da ake ƙawata gidaje da ita lokacin Kirsimeti a Ingila. Sai dai ita 'yar ƙasar sanyi da danshi ce. Zafin bazarar Potiskum, da kan kai digiri 40 a watan Afrilu, ba zai bar ta ta kai labari ba.

Furannin da ake sayarwa a bakin titunan Abuja ma sai an yi hattara da su. Daminar Abuja takan fara tun Afrilu har Oktoba, ta Potiskum kuwa galibi daga Yuni zuwa Satumba take. Ga shi mai gida ba ya zuwa sai da salla ko hutun shekara. Don haka tambayar farko ita ce: wa zai riƙa ba shukar ruwa a watanni takwas na rani?

Lalle ya fi kusa da amsa wannan tambaya. Yana jure fari, yana karɓar aski a tsayar da shi iya ƙugu, kuma reshensa ake yanka a dasa, ba sai an sayi iri ba. Furensa na da ƙamshi, ganyensa kuma na da amfani wurin matan gida. Yakan zubar da ganye idan ƙishi ya yi masa yawa ko hunturu ya tsananta, amma idan an dasa shi inda ruwan alwala ke gangarawa, ba ya rasa kore. Lemun tsami ya fi shi riƙe ganye, sai dai yana neman ban ruwa a kai a kai.

Akwai waɗanda za a yi taka-tsantsan da su. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da guba, ga yara na sha'awarsu. Darbejiya kuwa, duk da inuwarta, babbar bishiya ce da saiwarta ke tsaga katanga da ramin masai, don haka a nesanta ta da gini.

Lokacin dashe shi ne Yuli, bayan ruwa ya zauna. A haɗa ƙasar ramin da ruɓaɓɓen takin dabbobi, abin da ba ya wuya a garin da ke da babbar kasuwar shanu irin ta Potiskum, sannan a killace dashen da ƙaya ko waya saboda awaki. Idan ya samu ruwa a ranin farko har saiwa ta kama, sauran hidimarsa aski ne kawai duk lokacin da mai gida ya zo hutu.