Gargaɗi: Idan Taya Tana Gugar Bodi, Ku Tsaya Ku Sauke Kaya

Direbobin a-kori-kura da Hilux masu lodi daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, da masu bin hanyar Kangiwa da Kamba, da masu shiga fadamar Augie da Gulma kwasar shanshera, wannan gargaɗi naku ne, ku da iyayen gidanku masu motocin. Duk motar da tayarta ke gugar bodi kada ta sake hawa kwalta sai an gano dalili an gyara. Yau za a yi, kada a ce sai an dawo daga wannan sawun.

Kwanan baya na tsaya kusa da wata a-kori-kura da aka shaƙe da buhunan shinkafa, mutum biyar zaune a saman kaya. Bayanta ya zauna har na kasa zura yatsu biyu tsakanin taya da madigadi. Na durƙusa na shafa gefen tayar. Akwai zane mai zurfi da ya zagaye ta kamar an bi da wuƙa, baƙin garin roba ya taru a bakin ƙarfen, a wuri ɗaya ma zaren cikin tayar ya fara leƙowa. Na ce wa direban, "Malam, ka ga tayarka kuwa?" Ya ce, "Ba komi, Alhaji, in ta faɗa rami kawai taka taɓawa." To, rami nawa ne tsakanin gona da injin casa?

Wannan ƙarar ta "ƙurrr" da kuke ji a gargada ko wajen shan kwana, kukan kurciya ne. Gefen taya shi ne wuri mafi rauni a jikinta, kuma ba ya karɓar faci. Guga na cinye robar, tana ƙara mata zafi. A Maris da Afrilu zafin ƙasar nan kan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Tayar da aka yanka, aka danne da lodi, aka gudu da ita a kan wannan kwaltar, ba sacewa take yi a hankali ba, tarwatsewa take yi lokaci guda. Ranar 6 ga Maris, 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Motar minista ke nan. Ina ga wadda mutane ke zaune a kan buhuna, babu abin riƙewa sai igiya?

Babban dalili a wajenmu lodi ne. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, jigilar shanshera ta zama hanyar abincin jama'a da yawa, kuma alheri ne. Amma irin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya. Idan buhu ya kai kilo 100, goma sun cika ma'auni, tun ba a lissafa fasinja ba. Abin da ya haura nan sifirin ne ke biya: ya miƙe, wani ganyensa ya karye, bodi ya sauko kan taya. Ku leƙa ƙarƙashi ku duba robar nan da ke hana gatarin baya dukan ƙarfen mota. A tsofaffin motoci da yawa ta faɗi tuntuni. Idan kuma gefe ɗaya ne kawai ke guga, ko motar tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, ku sa bakanike ya duba kusar tsakiyar sifirin, domin idan ta tsinke gatarin kan goce.

Gugar tayoyin gaba kuwa yawanci babbar taya ce ke jawo ta. Mutum ya cire 265/65 R17 ya sa 285/70 R17 don mota ta yi kwarjini ko ta fi cin yashi. Sabuwar ta fi faɗi da santimita 2, ta fi tsayi da fiye da santimita 5. A tsaye ba a ganin komai. Sai an karya sitiyari har ƙarshe take cin bodi, ko ƙarfen ƙafa, ko kuma, wanda ya fi tsorata ni, tiyon birki. Tiyon nan idan ya huje, ƙafarka na iya tafiya har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Rim ɗin wata mota da aka ɗaura don ramukansa sun dace shi ma yana tura taya ciki ko waje. Girman tayar da ta dace da yawan iskarta suna rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ku shafa alli a gefen taya da cikin madigadi, ku karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, ku yi gaba ku yi baya, da kaya a kai. Inda alli ya goge ko ƙarfe ke ƙyalli, nan ne ciwon.

Ina roƙon bakanikai da masu faci da masu walda, don girman Allah ku daina gyaran rufe baki. Buga madigadi da guduma ko yanke shi a bar baki mai kaifi wuƙa ce kuka ajiye wa taya. Jera washa a bayan rim don ya fito waje yana rage kamun noti, kusoshi su tsinke, ƙafar ta fice a guje. Ƙara ganyen sifirin yana ɗaga bodi, amma bai ƙara wa taya ko birki ƙarfi ba. Lambar da ke gefen taya ita ke faɗin iyakarta: 112, misali, kilo 1,120 ke nan. Tayar da gefenta ya yanku a cire ta, kada a juya yankan ciki, kada a mayar da ita safaya.

Masu mota, ku ne kan gaba a alhakin nan. Direban da kuka ɗora wa kuɗin da ba ya samuwa sai da lodi biyu a sawu ɗaya, ku kuka tura shi. 'Yan kamasho, kada ku sallami motar da bayanta ya zauna. Fasinja, idan ka ji guga ko warin roba mai ƙuna, ka buga bodi a tsaya ka sauka, ko da ka biya kuɗi.

Idan ƙaddara ta sa taya ta fashe kana tafe, kada ka danna birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ka saki totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu kafin ka gangara gefe. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa direban da bai iya karatu ba, a tasha ko a bakin masallaci. Gobe da safe, kafin ka ta da mota, ka durƙusa ka shafa tayoyinka huɗu, ciki da waje. Allah Ya kai mu gida lafiya.