Nutso Cikin Teku: Abin Da Ke Jiran Wanda Ya Wuce Mita 40

A bakin Bahar Maliya, kusa da garin Dahab na ƙasar Masar, akwai wani rami cikin teku da ake kira Blue Hole, watau Shuɗin Rami, wanda zurfinsa ya kai mita 100. A jikin dutsen da ke gaɓar an kakkafa alluna ɗauke da sunayen mutanen da suka shiga ba su fito da rai ba. Da yawa daga cikinsu sun iya ruwa sarai. Abin da ya ja su kuwa wata ƙofa ce a jikin ramin, wajen mita 55 ƙarƙashin ruwa, wadda ke ɓullewa cikin babban teku. Sun nufe ta da kayan wasa da ilmin wasa, alhali kuwa wurin ya wuce wasa.

Tun cikin shekarar 1943, da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ya goya a baya, nutso ya zama abin shaƙatawa ga ɗimbin jama'a. Sabon ɗalibi ba a yarda ya wuce mita 18 ba, wanda ya ƙware kuwa iyakarsa mita 40. Sharaɗin wannan nutso shi ne, ko yaushe wani abu ya ɓaci, mutum yana iya tasowa a hankali har ya fito sarari. Abin da ya wuce haka shi ake kira nutson fasaha, sunan da wani ɗan jaridar Amurka, Michael Menduno, ya yayata a mujallarsa a farkon shekarun 1990. A nan mai nutso yana da rufi bisa kansa: ko dai na dutsen kogo, ko ƙarfen jirgin da ya nutse, ko kuma wani rufi da ido ba ya gani, wanda ke cikin jininsa.

Dalilin wannan iyaka shi ne nauyin ruwa. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, sai a ƙara masa matsi kwatankwacin na iskar da ke bisa doron ƙasa. Saboda haka a mita 50 matsin ya ninka sau shida, tukunyar da za ta yi awa guda a sarari kuwa minti goma za ta yi a can. Bugu da ƙari, iskar da ake shaƙa kullum kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, dukkansu kuwa sukan juya wa mutum baya a cikin zurfi. Daga wajen mita 30 naitirojin takan bugar da mutum kamar mashayi, ya kasa lissafi, ya riƙa jin daɗi a inda ya kamata ya ji tsoro. Oksijin kuma, idan aka doshi mita 60, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, abin shaƙa ya faɗi daga baki, ruwa ya shiga. Don haka masu nutson fasaha sukan rage waɗannan biyu, su cike gurbin da iskar hiliyam, wadda ba ta bugarwa amma tana da tsada ƙwarai.

Babbar wahalar kuwa wajen dawowa take. Muddin mutum yana ƙasa, iska tana narkewa cikin jini da tsoka. In ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka buɗe farat ɗaya, kumfar ta toshe jijiyoyi, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Bafaranshe Paul Bert ne ya bayyana sanadin wannan ciwo a 1878, sa'an nan John Scott Haldane na Biritaniya ya fitar da jadawalin tasowa a 1908, bayan ya yi gwaji da awaki. Bisa wannan ilmi ne mai nutso yake yada zango hawa-hawa, yana jira iskar ta fita daga jikinsa. Cikin Satumba 2014 wani Bamisire, Ahmed Gabr, ya yi nutson da littafin Guinness ya rubuta mita 332 a Dahab. Saukarsa ba ta wuce minti 15 ba, amma tasowar ta ci fiye da awa 13.

Nijeriya ma ta ga misalin wannan. Cikin Mayu 2013 wani jirgin jan kaya ya kife a tekun ƙasar nan, ya kwanta wajen mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya sami ɗan wurin da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu kusan awa 60. Da masu nutso suka tarar da shi da rai, ba su fito da shi sarari nan take ba, domin jikinsa ya riga ya cika da naitirojin. Sai suka shigar da shi ɗakin ƙarfe mai matsin iska, aka riƙa sassauta matsin sannu a hankali har fiye da kwana biyu. Daga baya shi kansa ya koyi aikin nutso.

To, wanda ya ƙudura ƙetare wannan iyaka, lalle ne ya san cewa sayen kaya shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin malami ya karɓe shi, sai ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ya hawa ba ya sauka, domin wanda ya kasa riƙe zangonsa ya shiga haɗari. Sai ya iya miƙa hannu bayan wuyansa ya rufe tukunyar da ke yoyo ba tare da ya gani ba. Kowane abu da rai ya dogara a kansa guda biyu ake ɗauka, fitila kuwa a cikin kogo uku. Kowace tukunya ana gwada iskarta, a rubuta a jikinta zurfin da aka yarda a shaƙe ta, gama shaƙar iskar zangon sama a can ƙasa ta kashe ƙwararru. A kogo ana bin ƙa'idar kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya saboda abokin tafiya. Har ila yau, kowa yana da ikon ya ce a koma, a kowane lokaci, ba kuma mai tambayarsa dalili.

Duk da haka, ƙwarewa ba ta kawar da haɗarin. Sheck Exley, Ba'amurken da ya tsara yawancin ƙa'idojin nutson kogo cikin ɗan littafinsa na 1979, ya rasu a wani rami mai zurfi a ƙasar Meziko a 1994. David Shaw, mutumin Ostireliya, ya rasu a Janairu 2005 a mita 270 cikin ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, yana ƙoƙarin fito da gawar wani saurayi da ya nutse shekara goma kafin nan. Amma kuma wannan ilmi ne ya yi rana a 2018, sa'ad da masu nutson kogo na Biritaniya suka gano yara 12 da mai horar da su cikin kogon Tham Luang a ƙasar Tailan, aka fito da su duka da rai.

Ita kuwa ƙofar nan ta Dahab, masu nutson fasaha suna ratsa ta lafiya, da iskar da ta dace, da lissafin kowane minti tun suna tudu. Malaman sana'ar sukan shawarci ɗalibi ya ƙara zurfi kaɗan-kaɗan, ya daɗe a kowane mataki har hannunsa ya saba, kuma kada ya bi abokai zuwa inda horonsa bai kai ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.