Harbin Elk Daga Nesa: Abin da Na'ura ta Warware da Abin da ta Bari

A tsaunukan yammacin Amurka, musamman jihohin Kolorado, Montana, Wayomin da Idaho, akwai wata ƙatuwar dabba mai rassan ƙaho da ake kira elk. Namijinta kan kai kilo 300 ko fiye, wato ya ɗara gwanki girma. A da, mafarauci kan yi sanɗa har ya matso mita 200 zuwa 300 kafin ya danna kunama. Yanzu kuwa an samu masu harbi daga mita 600, 700, har 900. Wannan sauyi ya faru ne cikin shekaru ashirin da suka wuce, kuma ya raba kan mafarautan ƙasar.

Babban abin da ya kawo shi kayan aiki ne. Na'urar auna nisa da hasken leza ta yi araha, ga ma'aunin iska na aljihu irin na Kestrel, ga manhajar waya da ke lissafa yadda harsashi zai sunkuya a hanya, sai maharbi ya murɗa tabaran bindigarsa daidai da lissafin. Masu ƙera harsashi ma sun bi kasuwa. Kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007, sannan 300 PRC a 2018 da 7mm PRC a 2022, dukkansu don ɗaukar dogon harsashi siriri da ke keta iska ba tare da saurin rasa gudu ba. Shirye-shiryen talabijin da bidiyon YouTube kuma suka mai da nisa abin taƙama. Akwai wani dalili da ba a cika ambata ba: filayen gwamnati sun cika da mafarauta, dabbobin sun ƙara wayo, kuma lasisin wasu yankuna sai mutum ya jira shekaru. Wanda ya hango namiji a ƙetaren kwazazzabo a ranar ƙarshe ta lokacin farauta, da wuya ya haƙura.

Sai dai samun dabba daban, kashe ta nan take daban. Harsashin farauta an yi shi ne ya buɗe baki idan ya shiga jiki, ya yaga huhu da zuciya, kuma gudunsa ne ke buɗe shi. Yawancin masu ƙerawa suna sa iyaka a wajen mita 550 cikin daƙiƙa. Ƙasa da haka harsashi na iya wucewa kamar an soka tsinke, ya bar ɗan rami da jini kaɗan. Harsashin .300 Winchester Magnum yana barin bakin bindiga da gudun kimanin mita 900 cikin daƙiƙa, amma kafin ya kai mita 700 zuwa 800 ya kusanci wannan iyaka.

A nan masu ƙerawa suke tsaka mai wuya. Harsashi mai laushin fata yana buɗewa a nesa, amma idan dabba ta ɓullo a mita 60 ya bugi ƙashin kafaɗa, yana iya tarwatsewa kafin ya kai huhu. Wannan matsala ce ta sa John Nosler ya ƙera Partition a 1948, mai shamaki a tsakiya da ke riƙe rabin dalmarsa. Harsashin jan ƙarfe zalla irin na Barnes yana ratsa ƙashi ba ya farfashewa, amma yana buƙatar gudu sosai kafin ya buɗe. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 2019, don haka mafarautanta ba su da wani zaɓi. Sababbi irin ELD-X da AccuBond Long Range ƙoƙari ne na haɗa halayen biyu, kuma sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba.

Abin da na'ura ta kasa kamawa shi ne iska da motsin dabba. Ma'aunin aljihu yana faɗin iskar inda maharbi yake kwance, ba ta tsakiyar kwari ba. A mita 700, iska mai gudun kilomita 16 a awa tana kauce da harsashi fiye da rabin mita, alhali wurin huhu da zuciyar elk bai wuce santimita 40 ba. Harsashin kuma yana ɗaukar kusan daƙiƙa guda a hanya. Taku ɗaya dabbar za ta yi, abin da aka nufa da huhu ya faɗa tumbi. Elk ɗin da aka harba a ciki yana iya tafiyar kilomitoci kafin ya mutu, kuma kafin maharbi ya sauka kwari ya hau ɗaya gefen, dare ya yi, sawu ya ɓace, wani lokaci ma bai gane inda dabbar ta tsaya ba.

Ba za a musa alherin da sauyin ya kawo ba. Mutanen da ke atisaye a mita 900 sun zama gwanaye a mita 350, kuma auna nisa ya rage harbin kirdado. Amma ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta bayyana a 2014 cewa idan burin mutum ya zama gwada nisa maimakon matsowa kusa da dabba, ya bar farauta ya koma harbi kawai. Idaho kuwa ta daɗe da hana farautar manyan dabbobi da bindigar da ta wuce nauyin fam 16. Hukumomi suna da wata damuwar: idan kowa yana kashewa cikin sauƙi, dole a rage lasisi ko a gajarta lokacin farauta, kowa ya yi asara.

Elk ya kusa ƙarewa a farkon ƙarni na 20, kuma kamun kai na mafarauta da harajin bindiga da harsashi na dokar Pittman-Robertson ta 1937 suna cikin abin da ya dawo da shi har ya haura miliyan ɗaya. Wannan kamun kan ake buƙata yau. Iyakar kowane maharbi ita ce mafi gajarta cikin biyu: nisan da harsashinsa ke buɗewa, da nisan da yake samun wurin huhu da harbin farko ko da iska na kaɗawa. Duk wanda ya wuce nan, caca yake yi da ran dabba.