Harshen MIDI: Yadda Ake Daidaita Akwatin Sarrafa Kiɗa da Manhajar Kwamfuta

Wanda duk ya halarci taron biki ko gidan rawa a wannan zamani, ko a Kano ne ko a Landan, da wuya bai ga wani mutum a tsaye a bayan tebur ba, da kwamfuta a gabansa, da kuma wani shimfiɗaɗɗen akwati mai faranti biyu da maɓallai masu walƙiya. Wannan mutum shi ake kira DJ, watau mai sa wa jama'a faifai, akwatin nan kuwa shi ne akwatin sarrafa kiɗa. Galibin masu kallo sun ɗauka a cikin akwatin waƙoƙin suke, alhali kuwa a irin akwatin da ake magana a kansa a nan babu waƙa ko ɗaya. Waƙoƙin suna cikin kwamfuta, kuma wata manhaja ce take kaɗa su tana gauraya su. Aikin akwati kai saƙo ne: an danna kaza, an murɗa kaza, an ja kaza ya zuwa wuri kaza. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana harshen da ake aika wannan saƙo da shi, da yadda ake koya wa manhaja ma'anar kowane saƙo, da kuma wuraren da aikin ya fi saurin ɓaci.

Asalin MIDI

Sunan wannan harshe MIDI, taƙaitawar kalmomi huɗu ne na Ingilishi waɗanda ma'anarsu ita ce hanyar sadarwa ta lambobi tsakanin kayan kiɗa. Ba don DJ aka ƙago shi ba, kuma lalle ne a riƙe wannan tun daga farko, domin yawancin matsalolin da za a ambata nan gaba daga nan suka samo tushe.

A ƙarshen shekarun 1970 kamfanoni da dama suna ƙera fiyano mai aiki da lantarki, amma na wannan kamfani ba ya jin maganar na wancan. Mutum biyu ne suka fi tsayawa a kan neman mafita: Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka, da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland a Japan. A 1981 Smith ya gabatar da shawara a rubuce, aka yi ta gyara ta tare da kamfanonin Japan irin su Yamaha da Korg da Kawai. A watan Janairu na 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, aka haɗa Prophet-600 ta Sequential da Jupiter-6 ta Roland da waya ɗaya, aka taɓa wannan, waccan ta amsa. Ba a sa wa kowa kuɗin haya a kan amfani da tsarin ba, shi ya sa ya bazu da sauri. A 2013 aka ba mutanen nan biyu lambar yabo ta Grammy saboda wannan aiki.

Sana'ar DJ kuwa ta wata hanya dabam ta biyo. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya shahara da ɗora faifai biyu iri ɗaya a kan garmaho biyu don ya tsawaita gaɓar da masu rawa suka fi so. A 1979 kamfanin Technics ya fito da garmaho SL-1200MK2 mai wata 'yar sanda da ake ja don ƙara saurin faifai ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari. Sai bayan shekara ta 2000, da aka sami manhajoji irin su Traktor da VirtualDJ da Serato da Mixxx, aka bukaci wani abu da hannu zai taɓa a madadin garmaho. Masu ƙera akwatuna suka duba suka tarar da MIDI a shirye, suka ara.

Ginin saƙo

Saƙon MIDI na yau da kullum lamba uku ce a jere. Ta farko tana faɗin irin saƙon da tashar da aka aiko shi, domin akwai tasha 16 a waya ɗaya, kamar yadda gidajen rediyo da yawa suke raba iska ɗaya. Ta biyu tana faɗin wane maɓalli ne ko wane mamurɗi aka taɓa. Ta uku tana faɗin gwargwado. Lamba ta biyu da ta uku ba sa wuce 0 zuwa 127. Dalili shi ne kowace lamba da ɗigo 8 ake rubuta ta, kowane ɗigo ko sifiri ko ɗaya, an kuwa keɓe ɗigon farko don bambanta lambar da take buɗe saƙo da masu bin ta, saura 7 ke nan, kuma ɗigo 7 ba ya ba da fiye da mataki 128.

Alal misali, a wani akwati idan aka danna maɓallin kunna waƙa na gefen hagu, abin da yake tafiya shi ne 144, 11, 127. A ainihin harshen MIDI ma'anar wannan ita ce: a tasha ta 1, an taɓa haƙorin fiyano mai lamba 11, da iyakar ƙarfi. Babu inda aka ambaci kunna waƙa. Akwatin yana yin kamar shi fiyano ne, manhaja kuwa sai an gaya mata cewa idan ta ji haƙori na 11 ta saki waƙar hagu. Gefen dama sau da yawa lamba ɗaya yake aikowa, sai dai a tasha ta 2, watau 145, 11, 127. Mamurɗi da sandar zamiya su kuma wani nau'in saƙo suke aikowa, wanda a tasha ta 1 yake farawa da 176.

Lamarin ya yi kama da taken kalangu. Kunnen baƙo yana jin kiɗan sarai, amma bai san wa ake kira ba, sai wanda ya tashi cikin mahauta ya san cewa wannan take na wane ne. Amon iri ɗaya ne a kunnen kowa, ma'anar kuwa yarjejeniya ce. To, rubuta wannan yarjejeniya tsakanin akwati da manhaja shi ne aikin daidaitawa, abin da aka rubuta kuma za a kira shi jadawalin fassara.

Shirya jadawalin

Akwatuna da yawa suna zuwa da jadawalinsu a cikin manhajar da aka ƙera su dominta, ana sa wayar USB sai aiki. Bukatar shiryawa da hannu tana tasowa ne idan manhajar ba ta san akwatin ba, ko kuma idan mai shi yana son wani maɓalli ya yi wani aiki dabam. Hanyar kusan ɗaya ce a ko'ina. Ana zaɓen aikin da ake so daga jerin ayyukan manhaja, sa'an nan a danna maɓallin koyo, manhaja ta kasa kunne, sa'an nan a taɓa abin da ake so a jikin akwati, sai ta rubuta lambobin da ta ji a gaban wannan aiki. Daga nan a faɗa mata wane gefe ake nufi. Wannan bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba ga kowane maɓalli, kuma shi ne sashen da ya fi sauƙi. Abin da ya fi cin mutane shi ne tambayar da take biye: ta wace fuska manhaja za ta ɗauki lamba ta uku?

A fara da maɓalli. Dannawa ɗaya saƙo biyu take haifarwa, ɗaya sa'ad da yatsa ya sauka, yawanci da 127, ɗaya sa'ad da ya tashi, yawanci da 0. Maɓallin kunnawa saƙon farko kaɗai yake bukata: a danna waƙa ta tashi, a sake dannawa ta tsaya. Idan aka bar manhaja tana sauyawa a kan kowane saƙo, waƙa za ta tashi da saukar yatsa ta mutu da ɗaga shi. Amma maɓallin ɗanɗana mafarin waƙa duka biyun yake so, domin muddin ana riƙe da shi waƙa tana tafiya, da an saki ta koma inda aka yi alama.

Sai mamurɗi. Iri biyu ne, kuma ido ba ya cika bambanta su. Akwai mai iyaka, wanda yake tsayawa a hagu da dama, shi wurin da yake tsaye yake faɗi, daga 0 zuwa 127. Akwai kuma marar iyaka, mai juyawa har abada, shi ba shi da wurin da zai faɗa, sai dai ya ce an matsa gaba kaza ko baya kaza. Farantin nan babba da ake juya waƙa da shi yana cikin iri na biyu. A nan ne aron da aka yi ya nuna gazawarsa, domin waɗanda suka tsara MIDI ba su ajiye ƙa'ida ɗaya ta faɗin gaba da baya ba, kowane kamfani ya yi tasa. Waɗansu sun ɗauki 64 a matsayin tsakiya, 65 taki ɗaya gaba, 63 taki ɗaya baya. Waɗansu kuwa 1 ce taki ɗaya gaba, 127 taki ɗaya baya. A dubi abin da zai faru idan akwati yana bin ƙa'ida ta biyu manhaja tana jiran ta farko. DJ ya ɗan tura faranti gaba, akwati ya aiko da 1, manhaja ta cire 64 ta sami taki 63 a baya, sai waƙa ta yi tsalle ta koma inda ba a aike ta ba. Mutane da yawa kan ɗauka akwatin ne ya lalace, alhali fassara ce ta karkace, kuma sauya zaɓi ɗaya a cikin jadawali ya isa gyara.

Wata matsalar tana tasowa idan mamurɗi ɗaya yana yi wa ayyuka biyu hidima, kamar a akwati mai gefe biyu da ake sarrafa waƙa huɗu da shi. A ce an bar sandar ƙarfin murya a 110 tana riƙe da waƙa ta 1, sa'an nan aka mayar da gefen ga waƙa ta 3 wadda manhaja ta ajiye a 20. Da an taɓa sandar kaɗan, sai waƙa ta 3 ta tashi daga 20 ta dira a 110 a lokaci guda, a kunnen jama'a, ta lasifika mai ƙarfi. Maganin wannan wani zaɓi ne da za a iya kira karɓa a hankali: manhaja takan yi biris da sandar har sai an jawo ta ta iso 20, sa'an nan ta miƙa mata ragama. Bai kamata a bar mamurɗi mai aiki biyu ba tare da shi ba.

Batun mataki 128 kuwa a sandar sauri ya fi ciwo. Idan sandar tana ƙara kashi 8 cikin ɗari tana rage kashi 8, kashi 16 ke nan za a raba gida 128, kowane mataki ya kama 0.125 cikin ɗari. A waƙa mai bugu 120 a minti, mataki ɗaya yana sauya sauri da bugu 0.15 a minti. Da wuya a ga girman wannan a takarda, amma tun da bugu ɗaya rabin daƙiƙa ne, waƙoƙi biyu da suka saɓa da mataki ɗaya za su rabu da kashi 75 cikin dubu na daƙiƙa a minti guda, kunne kuwa tun kafin nan ya ji gangunan suna tuntuɓe da juna. Saboda haka akwatuna masu kyau saƙo biyu suke haɗawa don sandar sauri, ɗaya ya ba da babban mataki ɗaya ƙarami, 128 sau 128, watau mataki 16,384. Sai dai a lura: idan lokacin koyo manhaja ta kama saƙon farko kaɗai, an koma gidan jiya, ana riƙe da akwati mai tsada yana aikin mai araha. Idan kuwa na biyun kaɗai ta kama, saurin zai yi ta hawa da sauka ba kan gado.

Har wa yau, magana ba ta gefe ɗaya take tafiya ba. Fitilun da suke jikin maɓallai, a yawancin akwatuna, ba dannawa ce take kunna su ba, manhaja ce take mayar da saƙo ta ce a kunna fitila kaza. Wannan ma sai an rubuta shi a jadawali, layi dabam. Masu koyo sukan raina shi, amma a cikin duhun fili, fitilar nan ita ce take gaya wa DJ wace waƙa ce take fita ga jama'a, wace ce kuma take cikin kunnensa shi kaɗai.

Ana yawan ɗora wa MIDI laifin jinkiri tsakanin dannawa da jin sauti, amma ba kasafai laifin yake nasa ba. Ko a tsohuwar waya mai haƙori 5, wadda take ɗaukar ɗigo 31,250 a daƙiƙa, saƙo mai lamba uku bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Jinkirin yana zuwa ne daga ɗan rumbun da kwamfuta take tara sauti a ciki kafin ta sake shi. Rumbu mai cin gutsure 256, a sautin da ake yanka gutsure 44,100 a daƙiƙa, yana jawo kusan kashi 6 cikin dubu. A rage shi, hannu ya ji daɗi, amma idan kwamfutar ba ta da ƙarfi sai sauti ya fara tsattsagewa.

Game da ajiya, kowace manhaja da irin fayil ɗinta, kuma ba sa karanta na juna. Traktor tana ajiye jadawali a fayil mai ƙarewa da tsi. Mixxx, wadda kyauta ce kuma kowa yana iya duba cikinta ya gyara, tana amfani da XML tare da JavaScript don ayyukan da suka fi ƙarfin koyo, irin su faranti. Serato kuwa ba ta buɗe cikakken aikinta sai an haɗa mata na'urar da ta amince da ita, daga nan ne take yarda a ƙara wani akwati a daidaita shi. Waɗansu akwatunan ma ba da MIDI suke magana da manhajarsu ba, da wata hanya ce ta USB da ake kira HID, wadda ta fi ɗaukar bayani amma ba ta koyuwa da danna maɓalli. Ya kamata mai saye ya binciki wannan kafin ya fid da kuɗinsa, musamman mai sayen na hannu, domin akwai akwatin da yake da lafiya ƙalau amma manhajar da aka yi shi dominta ta daina kula shi.

A 2020 aka amince da MIDI 2.0, wanda ya faɗaɗa gwargwado daga ɗigo 7 zuwa ɗigo 32 ga mamurɗi, ya kuma ba na'urori biyu damar tambayar juna abin da kowace take iyawa. An gina shi yadda zai zauna lafiya da tsarin 1983, saboda haka jadawalin da aka shirya wa tsohon akwati, da 144 ɗinsa da 176 da 127, yana nan yana aiki yadda aka rubuta shi.