Ƙauyen Wasa na Samaru: Inda ake koyon tsayuwa gaban jama'a

A cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, akwai wani gini da baƙo zai iya ɗauka gidan wani mai unguwa ne: zagayayyun ɗakuna na ƙasa, katanga ta haɗa su, da fili a tsakiya. Ɗalibai na kiran wurin Ƙauyen Wasa. Wani Ba'amurke masanin zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, ya kuma ɗauko fasalinsa daga gidan Bahaushe. A daidai wannan lokaci ne Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a Zambiya, ya jagoranci fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar cikin 1975.

Siffar ginin kanta darasi ce. A zauren wasa irin na Turai, 'yan kallo suna gaba, ɗan wasa yana sama, labule yana ɓoye abin da ba a so a gani. A filin da jama'a suka kewaye kuwa babu maɓoya. Duk inda ɗalibi ya fuskanta ya ba wasu baya, don haka tilas ya koyi yadda kafaɗa da tafiya za su isar da abin da fuska ba ta isar ba.

Darasin farko a irin waɗannan azuzuwa yakan ba sababbin ɗalibai mamaki, domin ba a miƙa musu rubutaccen wasa. Numfashi ake fara koya musu. Wanda ya saba ɗaga murya daga maƙogwaro, kafin a kai rabin wasa muryarsa ta dushe. Wanda ya iya jawo iska daga ciki zai yi raɗa amma na layin ƙarshe ya ji. Ga mai wasa da Hausa akwai ƙarin nauyi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi kamanninsu ɗaya a takarda. Bakin ɗan wasa ne ke raba su, in ya yi sakaci kuma 'yan kallo su yi dariya a inda marubuci ya nufi kuka.

Daga nan sai abin da ya fi wuya, wato sauraro. Sabon ɗan wasa yakan tsaya yana jiran lokacin da zai furta nasa layin, idonsa a buɗe amma hankalinsa na kan haddarsa. Malamai na warkar da wannan ta hanyar wasan da ba a rubuta ba: a ba mutum biyu matsayi, wannan mai bin bashi, wancan wanda ake bi, a ce su shiga fili ba tare da an ba su ko kalma ɗaya ba. Dole kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa kafin ya san abin da zai mayar. Tambayar da ake ta maimaita wa ɗalibi ita ce wadda ɗan Rasha Konstantin Stanislavski ya gina koyarwarsa a kanta: mene ne mutumin da kake kwaikwaya yake nema a wannan lokacin? Mai bin bashin kuɗinsa yake so, ko kuwa so yake ya wulaƙanta maƙwabcinsa a bainar jama'a? Amsar ita ke sauya yadda zai yi sallama tun daga ƙofa.

Bahaushe bai jira jami'a ba kafin ya san kwaikwayo. Yara na tashe a cikin azumi, 'yan kama na kwaikwayon malamai, a wasan gauta kuma matan fada sukan kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsu, kowa ya ga yadda ake kallonsa, wanda duk mai aiki kusa da manya ya san ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya rubutattun wasanni suka zo, irin su Wasan Marafa na Abubakar Tunau, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, rediyo da talabijin kuma suka fito da su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja. Abin da aji ke ƙarawa a kan baiwa shi ne iya maimaitawa. A fim, in an yi kuskure sai darakta ya tsayar a sake ɗauka. A dandamali babu wannan rangwame, kuma abin da ya yi kyau daren Juma'a dole ya sake yin kyau daren Asabar.

Sunan da Zariya ta yi a duniya ya zo ne daga fitar da ɗalibai waje da harabar jami'a. Etherton da abokan aikinsa, cikinsu har da Brian Crow da Salihu Bappa, sannan Oga Steve Abah daga baya, sun gina tsarin da ake kira wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma, wanda ya yi tarayya da tunanin 'yan Brazil biyu, Paulo Freire da Augusto Boal. Ɗalibai kan shiga unguwannin Samaru da ƙauyukan kewaye, su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu, ko taki ne, ko ruwan sha, ko rikicin gona. Da wannan ake gina wasan, a yi shi a dandalin garin, a tsaya a tsakiya a tambayi jama'a ko haka abin yake. Sau da yawa manomi ne zai gyara wa ɗalibin jami'a, har ya shiga fili ya nuna yadda ake yi.

A nan ne batun ya shafi masu riƙe da fayil a Abuja. Ma'aikatu da hukumomi sun daɗe suna amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kai kan rigakafi, zaɓe da tsaftar muhalli. Sai dai galibi saƙon a ofis ake rubuta shi, a ɗauki 'yan wasa su je su karanta wa mutane, a ɗauki hoto a saka cikin rahoto. Wannan wa'azi ne sanye da tufafin wasa. An tsallake zaman sauraron nan, alhali shi ne ya fi cin lokaci da kuɗi, shi ne kuma ke sa mutanen gari su ga kansu a cikin abin da ake nuna musu.

Akwai kuma tambayar da ke tasowa a gida, ranar da yaro ko yarinya suka ce wannan fanni za su cike a takardar JAMB. Iyaye da yawa har yanzu kalmar “ɗan wasa” ba ta kwanta musu ba. Amma mai digirin ba fitowa fili kaɗai ya koya ba. Ya yi aikin haske, tufafi, rubutu, bayar da umarni da tafiyar da ayarin mutane har a kai ga ranar da aka sa. Ana karanta fannin a Jos, Bayero ta Kano, Ibadan da Jami'ar Abuja. Inda za a nuna abin da aka koya ne ya yi ƙaranci: a 2023 aka ware wa fasaha da al'adu ma'aikata tasu, amma babban zauren wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda ya karɓi bikin FESTAC a 1977, yana Iganmu a Legas, ƙungiyoyin wasa na Abuja kuwa sukan nemi wuri ne a Cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Area 10 ko su yi hayar zauren otal.